Tsarabar Makka da Ta Fi Ƙarfin Na'ura

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci kowane abu ya sanya masa gwargwado, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Ku samarin da kuke zuwa shagona a titin Sama kuna neman koyon gyaran kwamfuta, na lura abu guda ne yake jawo ku. Kun tsaya kun ga mutum ya shigo da laftof yana kukan ta yi nauyi, na kwance kusoshi, na zare ƙaramin ram na tura babba, na mayar da murfi, ya fita yana ta godiya. Sai ku ce a ranku ashe iyakar aikin ke nan. Wani a cikinku ma ya taɓa ce mini shi wata guda ya ishe shi ya buɗe nasa shagon. Ban yi masa gardama ba. Amma zan ba ku labarin wani aiki da na yi, wanda ram ɗin lafiyarsa ƙalau, laftof ɗin ma lafiyarta ƙalau, amma suka ƙi zama tare.

Bari in fara da ram ɗin kansa, don na san wasunku suna taɓa shi kullum ba su san aikinsa ba. Ni a Ƙofar Taramniya na tashi, a zauren malaminmu na fara riƙe alƙalami, saboda haka da abin da na sani a can nake fahimtar na'ura. Ɗalibi yana da littafi a gafaka, yana kuma da allo a cinya. Littafin yana nan ajiye, ko an tashi karatu ba ya gogewa. Wannan shi ne rumbun ajiya na kwamfuta. Allo kuwa karatun da ake kai yanzu kawai ake rubutawa a kansa, in an gama a wanke. Wannan shi ne ram. In allonka ƙarami ne, karatun kuma mai tsawo, sai ka yi ta rubutawa kana wankewa kana komawa ga littafi, rana ta faɗi ba ka yi nisa ba. Nauyin da mutane suke kuka da shi ke nan.

To amma ba kowane ɗalibi ne ake miƙa wa babban allo ba. Ɗauki allon babban gardi ka ɗora wa yaron da ya fara jiya, hannunsa ba zai kai gefe da gefe ba. Haka laftof take. Tun daga inda aka ƙera ta an yanka mata iyakar ram ɗin da za ta iya riƙewa. Iyakar tana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da kuma bod, wato faranti mai launin kore da komai yake zaune a kai. Da giga ake auna girman ram: wata giga huɗu ce iyakarta, wata takwas, wata sha shida, wata fiye. Ba a roƙonta ta ƙara, ba a kuma yi mata dabara. Na zamanin nan da yawa ma an liƙe musu ram ɗin a jikin bod da dalma, babu gurbin da za ka tura wani.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ba shi da alaƙa da kwamfuta. Wata rediyo ce mai batir, ta wani mai shayi, a shagon maigidana Oga Bitrus. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Sakkwato har Sakkwatancinsa ya fi na wasu 'yan gari. Rediyo da kaset da talabijin yake gyarawa. Na daɗe a wurinsa ba abin da nake yi sai ware kusoshi da goge bod da burushi. Ranar da ya miƙo mini rediyon nan sai na kama murɗa maɓallai ina jijjiga ta kusa da kunne.

Ya ce, "Umaru, rawa za ka koya mata?"

Na ce, "Oga, ina neman inda ta lalace ne."

Ya ce, "Ɗauki mitar auna wuta. Fara daga inda wuta take shiga, ka bi ta gida gida. Inda ta shiga ba ta fita ba, nan ne."

Na bi, na samu wata 'yar waya ta tsinke a bayan gidan batir. Ya nuna mini yadda ake riƙe ƙarfen dalma kamar alƙalami, ya ce tunda na iya zana harafi ba tare da tawada ta ɗiga ba, wannan ma zan iya. In an kira salla ko muna tsakiyar aiki shi ne mai cewa, "An kira ku, tashi." Ran Lahadi kuma ni nake tsare shago ya tafi coci. Da ma'aikatan gwamnati na Arkilla suka fara kawo kwamfutoci, tare muka koye su, shi da furfurarsa ni da ƙuruciyata. Daga baya idonsa ya yi rauni, ya koma gida ya zauna, ni kuma na buɗe nawa wurin.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekarata. Aka rufe makarantu, ɗalibai kuwa su ne rabin masu kawo mini aiki. Kayan gyara suka daina zuwa daga Legas da Kano. Kafin nan na saba da sauƙi: bod ya mutu, a sayo wani a sa. A shekarar nan babu wani bod da za a sayo. Mutum zai kawo na'ura, in ce masa sai an jira kaya, ya jira har ya gaji, ya ce, "Malam, na bar maka ita, ka cire abin da zai yi maka amfani." Wadda mai ita ya furta haka da bakinsa ita kaɗai nake ɗorawa a kantar baya. Wadda ba a bar mini ba, ko kusa ɗaya ba na cirewa a jikinta, amana ce. Haka kantar ta cika da matattun laftof, har masu shagunan maƙwabta suka sa mata suna maƙabarta. Da zama ya yi yawa sai na koma ga karatun Oga Bitrus. Na sayi madubin ƙara girma da hantsaki da 'yar bulowa mai hura iska mai zafi, na riƙa sauko da gawa ɗaya ina bin wutarta gida gida, ba don wani zai biya ni ba. Wasu suka tashi, da yawa ba su tashi ba. Ban san wannan zaman banza ne zai fitar da ni kunya wata rana ba.

Aikin da nake son ba ku labari ya zo ne bayan alhazai sun dawo, damina ta fara sauka. Wani dattijo ya shigo, farar riga, sabon rawani, ƙamshin turaren Makka yana gabansa. Alhaji Garba sunansa, manomin shinkafa ne daga wani ƙauye na bakin fadama. A bayansa ɗiyarsa Hadiza, tana shekarar ƙarshe a karatun safiyo da zanen taswira, rungume da tsohuwar laftof. Muka gaisa, na yi masa barka da sauka, na roƙi ya sa mu a addu'a tunda bai daɗe da dawowa ba. Ya ɗaga hannu ya yi. Sannan ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihun gaba, ya warware shi a hankali a kan teburina. Ram ne guda biyu sababbi, kowanne giga takwas.

Ya ce, "Malam Umaru, kowa na gida ya samu tsarabatai. Masu tasbaha sun samu, masu dabino sun samu, masu zamzam sun sha. Wagga ɗiya kuwa kullum ina jin ta tana faɗa da na'ura, wai ram ya yi mata kaɗan. Kahin in tahi sai nis sa anka ɗaukar mini hoton na'urar ga waya. Can kasuwa na nuna ma mai shago, nic ce shi ba ni mahi girma da ke shiga cikinta. Ga shi. Aljihuna ya kwana har munka sauka. Ina son ka sa mata shi gabana."

Hadiza ta yi mini bayanin aikinta. Taswirar fadamar garinsu take haɗawa daga hotunan da aka ɗauka daga sama, don a ga inda ruwa yake fara malala in kogi ya cika. Hotunan manya ne ƙwarai. Da ta buɗe biyu sai na'urar ta tsaya cak, wani lokaci ta rasa aikin yini. Ranar da za ta tsaya gaban malamanta ta kare aikin kuma ta matso.

Ina juya laftof ɗin na ga tambarin furosesarta, na san iyakarta giga takwas ce gaba ɗaya, huɗu a kowane gurbi. Mai shagon can bai cuce shi ba, irin da ke shiga gurbin ya ba shi. Abin da hoto bai nuna masa ba shi ne iyaka. Duk da haka na gwada, don na'ura takan ba mutum mamaki, kuma ba a yanke wa baƙo hukunci da baki kawai. Na cire batir, na buɗe murfi, na zare nata, na tura na Alhaji. Suka shiga daidai, har da 'yar ƙarar nan ta kamawa. Alhaji ya ce, "Masha Allahu." Na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, gilashi baƙi ƙirin. Na cire ɗaya na bar ɗaya. Baƙi. Na sauya gurbi. Baƙi. Na mayar da nata tsoho, nan take ta tashi.

Ana cikin haka aka kira azahar. Alhaji ya ɗauki buta ya fita alwala. Hadiza ta matso ta rage murya.

"Malam, na gane. Ba za ta ɗauka ba, ko?"

Na ce, "Ba za ta ɗauka ba, ɗiyata."

Ta ce, "To don Allah ka taimake ni. Ka sa mata naka masu huɗu huɗu, ka riƙe waɗannan a madadinsu. In ya tambaya ka ce nasa ne a ciki. Baba bai taɓa saya mini abin karatu da hannunsa ba sai wannan. Duk garinmu ya gaya wa. In ya ji bai yi aiki ba, ba zai ce komai ba, amma na san shi."

Ku da kuka tashi a nan kun san tsarabar Makka ba kamar sauran kaya ba ce. Ba a sayar da ita, ba a musanya ta, ba a cewa ba ta yi ba. Ko hula ce ta yi maka kaɗan sai ka matsa ta a kai ka je ka nuna wa mai ita. Wannan kuwa tsaraba ce da ba ta matsuwa. Na ce mata abu biyu ne suka hana ni. Na ɗaya, mutumin da ya gama yi mini addu'a yanzu zai dubi idona ya tambaye ni, ba zan iya ce masa abin da ba shi ne ba. Na biyu, ko na sa mata takwas, hotunan da ta kwatanta mini za su ci gaba da shaƙe ta. Sha shidan nan da babanta ya riƙo shi ne ainihin abin da aikinta yake bukata. Bai yi kuskuren ram ba. Na'urar ce ba ta kai ba.

Da muka dawo daga masallaci na zaunar da shi na ce, "Alhaji, tsarabarka ta fi ƙarfin wannan na'ura."

Ya ɗago. "Mi kac ce?"

Na ce, "Lafiyar tsaraba ƙalau. Amma an ƙera na'urar nan ta ɗauki rabin abin da ka kawo ne. Kamar ka ɗora wa ɗan maraƙi garmar babban sa."

Ya dubi ƙyallen, ya dubi ɗiyarsa. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. "Wato abin nawa ne yay yi girma?"

"Shi ne ya yi girma."

"To ai sai a nemo mata sabuwa da ta kai."

Nan ma sai da na yi masa bayani. Sababbin da ke kasuwa ba sa karɓar irin wannan ram ɗin sam, bakin gurbinsu daban ne, wasu ma ba su da gurbin. Tsoffin kuma ba sa iya riƙe shi. Sai 'yan tsakiya, waɗanda aka ƙera bayan tata da kaɗan. Mu a sana'ar nan na'ura ake kawowa a nema mata ram. Ban taɓa jin an kawo ram an ce a nema masa na'ura ba sai ranar. Na ce su bar mini tsarabar da laftof ɗin, in Allah ya so zan kira su. Alhaji ya nannaɗe ƙyallen da kansa ya sa a tafina, ya ce, "Amana ce, Malam." Na ce na karɓa.

Na fara da zagaya abokan sana'a. Wanda yake da irinta ya ce ta mai ita ce. Wani ya ce in jira kaya daga Legas, Hadiza kuwa ba ta da lokacin jira. Sai na dawo na tsaya gaban maƙabartata. Na riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya ina duba furosesa. Can ƙasa na samu wata baƙa, gilashinta a fashe, kibod ɗinta ya zube haƙora. Ta wani malamin makaranta ce da ya bar mini ita a shekarar annoba bayan janareton gidansu ya ƙona ta. Furosesarta irin wadda nake nema ce, tana riƙe sha shida. Matsalarta guda: ko fitila ba ta kawowa.

Na kwance ta har ƙashi. Na ɗauki mita na fara daga bakin caja. Wuta tana shiga, ta wuce gidan farko, a na biyu sai ta nutse. Wani abu a kan layin ya lalace, ya buɗe wa wutar ɓarauniyar hanya yana shanye ta. A kan wannan layin akwai ƙananan kafasito masu yawa, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, kuma duk kamarsu ɗaya. Dabarar da ake yi ita ce a ba layin 'yar wuta kaɗan, a shafa sifirit a kan bod, wanda ya lalace zai yi zafi ya busar da nasa kafin na sauran. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan dabara ba su zauna a Sakkwato ba. Ina shafawa, kafin in ɗauko madubi duk bod ɗin ya bushe lokaci guda. Na sake, haka. Na taɓa da yatsa, yatsan da ya shekara da shekaru yana cin ƙunar dalma bai ji komai ba.

Washegari da safe na sa bod ɗin da 'yar na'urar da nake ba shi wuta a jaka na hau keke napep zuwa Arkilla wurin Oga Bitrus. Na same shi a gindin bishiya yana sauraron rediyo.

Ya ce, "Wa nake ji kamar Umaru? Injiniyan kwamfuta ya tuna da mai gyaran rediyo? Lallai wani abu ya gagare ka."

Na ce, "Oga, gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da jaka a hammata? Fito da shi."

Na ba shi labarin duka. Da na kai wurin tsaraba ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma akwai wata rigar sanyi da ƙanwarsa ta kawo masa daga Urushalima, a garin nan da ko fanka ba ta isa, amma ya sa ta ya je coci yana gumi. Sannan ya ce in haɗa 'yar wutar. Na haɗa. Ya karɓi bod ɗin da hannu biyu, ya rufe idon da dama ba ya gani sosai da shi, ya kai shi bakinsa yana bin layin da leɓensa na ƙasa a hankali, kamar mai ɗanɗana koko ko ya huce. Ya wuce, ya dawo, ya tsaya.

"Ga ɓarawonka nan. Yatsa ya tsufa, Umaru, leɓe ba ya tsufa. Ban koya maka wannan ba?"

Na ce, "Ba ka koya mini ba, Oga."

Ya ce, "To da na koya maka duka, yau da wa za ka zo gaisarwa?"

Kada wani a cikinku ya ji wannan ya je ya kai bakinsa ga na'urar da ke jone da caja. Wutar da na ba layin ba ta kai ta ƙaramin batirin tocila ba.

Na dawo shago na ɗaga kafasiton da bulowa da hantsaki, na ciro irinsa daga wata gawar na dasa. Na jona caja. Fitila ta kama. Na yi hamdala, na ci gaba. Gilashi na samo daga wata na'ura da ruwa ya kashe bod ɗinta. Maƙalan murfi daga wadda na ciro kafasito a jikinta. Kibod ɗin da ya dace da ita guda ɗaya ne a kantar, mai haruffan Larabci a gefen na boko. Na wanke fanka, na sa wa furosesa sabon man sanyaya. Sai da komai ya zauna na wanke hannu, na warware farin ƙyallen, na yi bisimilla na tura ram ɗin Alhaji, ɗaya, biyu. Na danna. Gilashi ya yi haske. Na shiga inda na'ura take faɗin abin da ke jikinta, ta rubuta sha shida cif.

Na kira Hadiza ita kaɗai tukuna. Muka ɗauke rumbun ajiyarta daga tsohuwar muka sa a wannan. Ta tashi da kayanta duka. Ni har na fara tattara sukudireba, sai ta ce, "Malam, tsaya. Dubi nan." Na duba. An rubuta akwai sha shida, amma abin da ake amfani da shi bai kai huɗu ba.

Ga iyaka ta biyu, ku riƙe ta. Ban da ta ƙarfe akwai ta manhajar da ke tuƙa na'urar. Iri biyu ce, mai talatin da biyu da mai sittin da huɗu. Ta farkon ko nawa ka ba ta ba ta ganin abin da ya wuce huɗu. Ita ce a rumbun Hadiza tun da can, ba wanda ya damu don ram ɗinta bai wuce haka ba. Ta riga ni faɗa ma, ta ce sun yi wannan a aji. Muka raba aiki. Ita ta kwashe taswirorinta zuwa wani rumbu na waje, ta buɗe kowace ta tabbata ta kwafu, don na ce mata ba zan goge komai ba sai ta ce in goge. Ni na ɗora sabuwar manhaja. Ita ta mayar da kayan aikinta. Muka sake dubawa: sha shida, ana amfani da sha shida, ban da ɗan abin da na'ura take riƙe wa kanta.

Ta ce, "In buɗe hotunan?"

Na ce, "A'a. Jira mai tsaraba."

Alhaji ya iso bayan la'asar. Bai zauna ba ya dubi baƙar na'urar, murfinta da jikinta ba launi ɗaya ba, ya ce, "Wagga ta sha duniya."

Na ce, "Na'ura huɗu ce a jiki ɗaya, Alhaji."

Ya dube ni sosai. "Malam Umaru, tsarabata tana ciki?"

"Tana ciki."

"Duka biyun?"

Na kashe ta, na juya ta, na kwance murfin a gabansa. Ya sunkuya ya duba, ya kai yatsa kusa bai taɓa ba. Ya ce su ne, ya gane tambarin. Na rufe, na kunna, na tura wa Hadiza.

Ta buɗe hoto na farko. Ta buɗe na biyu, inda tsohuwar take suma. Ta ɗora na uku da na huɗu a kansu, ta ja, ta matso, ta nisanta, na'urar tana binta kamar ruwa. Kogi ya fito, fadama ta shimfiɗu kore. Alhaji ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce masa ba.

"Tsaya, tsaya. Koma baya. Wagga ba giginyar bakin gonata ba ce?"

"Ita ce, Baba."

"Ikon Allah. Ga ta Malam Isa, ga tawa. Wanga shuɗin fa, mi ne ne?"

Ta ce nan ne ƙasa ta fi kwari, ta nan ruwa yake fara shigowa in kogi ya cika, kafin ya kai ko'ina. Ya bi shuɗin da ido har inda ya ratsa kusurwar gonarsa. Ya nuna wurin da yatsa. Sannan ya ce, "Shi ya sa shinkafar wanga gehe ke nutsewa kowace shekara. Ni ina ta ɗaga kunya can gabas, ashe ta nan shika biyowa." Ya juya ga ɗiyarsa ya ce, "Bana ke za ki nuna inda za a jibge ƙasa a tare ruwa." Ya juyo gare ni, ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi addu'a mai tsawo, ya sa iyayena a ciki. Na ce ya sa maigidana Oga Bitrus, don da bakinsa aka gano ciwon. Ya roƙa masa lafiya da ƙarin hasken ido.

Hadiza ta kare aikinta lafiya, da na'urar nan ta tsaya gaban malamanta. An gaya mini a garinsu Alhaji ba ya cewa laftof ɗin farko ta ƙi karɓar tsarabarsa. Cewa yake tsarabar da ya kawo sai da aka ƙera mata na'ura ta musamman a Sakkwato. Na duba maganar ta kowace fuska ban ga ƙarya a cikinta ba.

Saboda haka in kun zo koyo, ba sukudireba zan fara ba ku ba. Zan ajiye muku laftof in tambaye ku nawa aka ƙera ta ta ɗauka, gurbi nawa gare ta, wace manhaja ce a kanta. Wanda ya iya amsa wannan kafin ya taɓa kusa, shi ne ya fara sana'a.

Da lokacin aikin hajji ya sake zagayowa, wata safiya na iso shago na tarar da dattawa uku zaune a benci, ban san ko ɗaya ba, kowanne da laftof ɗin ɗansa ko ɗiyarsa a nannaɗe cikin zane. Babbansu ya miƙe ya ce daga garin Alhaji Garba suke, jirginsu ya kusa.

Ya ce, "Alhaji yac ce kada wanda ya kuskura shi tahi sai ya biyo ta wurinka. Auna muna su, Malam, mu san girman da za mu riƙo."

Na ce bisimilla, na buɗe shago, na ɗauko ta farko na juya ta. Godiya ta tabbata ga Allah.